Yadda zaka gane haɗi mai fitar da zafi da mai shan zafi, da ire-iren gauraye, da kayan gida kawai

Duk wanda ya taɓa wanki ya san wannan abun, ka ɗebi garin Omo a tafin hannu ka ɗan ɗiga masa ruwa ka dunƙule, sai kaji hannun ya ɗauki ɗumi kamar an hura masa wuta. Haka in ka zuba garin gulukos a baki sai kaji wani sanyi-sanyi a harshe alhali ba daga firji aka ɗauko shi ba. Toh waɗannan abubuwa biyun sune gaba ɗaya topik ɗin da yara 'yan SS2 suke ta haddacewa suna kuka dashi, wanda a littafi ake kira egzotamik (mai fitar da zafi) da endotamik (mai shan zafi). Ni ina koyar da lesin na kemistiri da yamma, kuma yawancin yaran dake zuwa wajena makarantarsu ko dai babu lab ko kuma akwai amma a kulle yake sai ranar firaktikal na WAEC ko NECO, shiyasa na koma ina yi musu da kayan kicin da na gona, kuma wallahi sunfi kamawa ta haka. Ga yadda nake tsara shi, ko kai ɗalibi ne ko malami ko uwa mai son nuna wa 'ya'yanta.

Kayan da zaka tanada

Kofin roba guda 4 ko 5, cokalin roba, sirinji babba ko robar awon maganin yara don auna ruwa, tocila mai haske siriri, ƙyalle fari mai tsafta, maganaɗisu (na tsohuwar sifika ma yayi), da ma'aunin zafi. Anan mutane ke kuskure, ma'aunin zazzaɓi na asibiti bazai yi ba, domin iyakacin aikinsa daga wajen digiri 32 zuwa 42 ne, ƙasa da haka ko sama da haka baya karantawa. Ka nemi na kicin mai dogon tsinke irin wanda masu kek ke amfani dashi, ko na lab a shagon kayan kimiyya. In son samu ne a samu ƙaramin sikeli mai batir irin na masu gwal. In duk babu, bayan hannu ma yana aiki, sai dai baza kayi lissafi ba.

Sinadaran kuwa: sodar sabulu wato kostik soda, takin Yuriya, bekin soda, ruwan khal, soson ƙarfe, gishiri, suga, madara, yashi, mangyaɗa da alimun.

Kafin komai ka haɗa abin awonka. Ka saka kofi ɗaya cikin ɗaya, ka cusa tsumma ko auduga a tsakaninsu, ka yanko kwali ka huda shi a tsakiya ya zama murfi inda ma'aunin zai shiga. Dalili shine kada zafin ya gudu waje, kada kuma na waje ya shigo ya ɓata maka awo. Wannan ɗan kofin shine kalorimita ɗin da ake zana muku a allo, ba wani abun tsoro bane.

Gwaji na farko: sodar sabulu

Wannan shine mai haɗari a cikinsu don haka yaro kada ya yi shi kaɗai. A sa safar hannu ta roba, a sa tabarau ko wane iri ne, a yi shi a tsakar gida ba a ɗaki ba. Ka auna ruwa mil 100 ka zuba a kofin, ka sa ma'auni ka jira kamar minti 2 ya tsaya waje ɗaya, ka rubuta. Mu ce ya nuna 30. Sai ka auna soda giram 4 da busasshen cokali, ka zuba ta cikin ruwan, ka rufe, ka rinƙa juyawa a hankali kana kallon lamba tana hawa. Ka rubuta lamba mafi girma da ta kai kafin ta fara saukowa. Galibi zaka samu ƙarin digiri 9 zuwa 10.

Dan Allah a kiyaye, soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa ake zubawa kan soda ba. In ka zuba ɗan ruwa akan tulin soda duk zafin zai taru a wannan ɗan ruwan ne, ya tafasa nan take ya fantsamo maka a fuska. Matan dake haɗa sabulun wanki da sabulun ruwa sun san wannan sarai, shiyasa suke jiƙa sodarsu tun dare su barta ta kwana ta huce. Sannan kada a kuskura a haɗa ta a kwanon alminiyam ko tukunyar dalma, tana cin sa, kuma tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Wani yaro na ya taɓa zuwa gida ya maimaita a kofin silba na mamansa, kofin yayi baƙi yana ta tafarfasa, Allah ya kiyaye abin ya tsaya akan kofin da kuma dukan da ya sha. In ta taɓa fata ko ido a sa wajen ƙarƙashin ruwa mai yawa aƙalla minti 15 zuwa 20, in ido ne a wuce asibiti bayan nan.

Yanzu lissafi, kuma shine wanda ake tambaya a jarabawa. Zafin da ruwa ya karɓa shine nauyin ruwa sau 4.2 sau canjin digiri. Wannan 4.2 ɗin ma'anarsa kowane giram 1 na ruwa yana buƙatar jul 4.2 (jul shine awon ƙarfi ko zafi) kafin ya hau digiri 1. Mil 100 na ruwa giram 100 ne, kaga 100 × 4.2 × 10 = jul 4,200, wato kilojul 4.2. Mol shine mudun da ake auna yawan ƙwayoyin sinadari dashi, mol ɗaya na soda giram 40 ne, kai kuma giram 4 ka zuba, wato mol 0.1. Ka raba 4.2 da 0.1 ka samu kilojul 42 a kowane mol. Abinda ke littafi kusan 44.5 ne, kaga da kofin roba da kwali mun kusa cimma shi, ɗan gibin kuma zafin da kofi ya shanye ne da wanda ya sulale ta murfi. Sai ka sa masa alamar ɗebewa, ΔH = −42 (ΔH shine alamar canjin zafin a littafi), saboda sinadarin ne yayi asarar ƙarfi ya baiwa ruwa.

Gwaji na biyu: takin Yuriya

Wannan nafi so don babu haɗari kuma yara basa taɓa yarda sai sun taɓa da hannunsu. Farin takin nan mai 46-0-0 a jikin buhu, wanda ake yi a Eleme da Lekki, shi nake nufi, ba kamfa ba. Sabon kofi, ruwa mil 100, a rubuta zafin farko. A zuba taki giram 20, kusan cokalin cin abinci 2 a shafe, a juya da sauri har ya narke. Ma'auni zai faɗo da kusan digiri 10, in ka ɗaga kofin ciki ka taɓa zakaji kamar ruwan randa na asuba. Manoman da suke narka shi a bokiti don zubawa a injin feshi sun daɗe da sanin hannu yana ƙanƙarewa a ciki, kawai sunan ne basu sa masa ba.

Lissafin iri ɗaya ne. 100 × 4.2 × 10 = kilojul 4.2, mol ɗaya na Yuriya giram 60, giram 20 kenan kashi ɗaya cikin uku na mol, sai ka samu wajen 12.6 a kowane mol, na littafi yana tsakanin 14 da 15. Amma wannan karon alamar tarawa ce, ΔH mai +.

Anan ne kan yara yake juyewa, kuma duk shekara sai munyi wannan musun. Sai suce malam ai in yana shan zafi kamata yayi yayi zafi, ya akai yayi sanyi? Amsar itace ma'aunin naka ba takin yake aunawa ba, ruwan yake aunawa. Takin yana buƙatar ƙarfi kafin ƙwayoyinsa su rabu da juna, bashi da inda zai samo sai jikin ruwan da kofin da hannunka, sai ya zuƙe. Wanda aka zuƙe wa shine yake sanyi. Kamar a ce baƙo ya sauka gidanka ya cinye tuwo, in an leƙa tukunya aka ga wayam ba'a cewa baƙon ne ke jin yunwa. In ka riƙe wannan shikenan, kofi yayi zafi, an saki zafi, egzotamik, alamar ɗebewa. Kofi yayi sanyi, an zuƙi zafi, endotamik, alamar tarawa.

Gwaji na uku da na huɗu, a gurguje

Mai hankali zai ce waɗancan biyun ai narkewa ce kawai, ba'a samu sabon sinadari ba, kuma gaskiyarsa, in ka shanya ruwan takin a faranti zaka ga takinka ya dawo kamar allurai farare. Toh ga na ainihin riyakshon, wato inda ake samun sabon sinadari. Ka zuba ruwan khal mil 50 a kofi mai ɗan tsawo, ka auna, ka zuba bekin soda ƙaramin cokali 1 kaɗan-kaɗan don kada kumfa ta yi ambaliya. Kumfar iskar kabon dayoksaid ce, kuma zakaga ma'auni ya sauka da digiri 3 ko 4. In babu khal ruwan lemon tsami ko jiƙon tsamiya mai kauri zai yi kumfar.

Na zafin kuma, ka samu soson ƙarfe irin mai laushin nan da yake tsatsa in ya kwana a jiƙe, banda mai ƙyalli wanda baya tsatsa. Ka tsoma shi a khal minti 1, ka matse sosai, ka naɗe kan ma'aunin dashi ka saka a kofi ka rufe. Cikin minti 5 zuwa 10 lamba zata hau. Tsatsa ce take faruwa da sauri, ƙarfe yana haɗuwa da iskar oksijin. Ma'ana ƙofar gidanku ma da take tsatsa tana fitar da zafi, sai dai a shekaru take yinsa shiyasa babu mai ji.

Daga ina zafin yake fitowa

Ni da kasuwanci nake kwatanta musu. Atam-atam a cikin sinadari a ɗaure suke da juna. Kwance tsohon ɗauri kashe kuɗi ne, kullum sai ka zuba ƙarfi, babu ranar da kwance ɗauri zai baka ƙarfi kyauta. Ƙulla sabon ɗauri kuma shine ciniki, kullum yana sako ƙarfi. In cinikin yafi uwar kuɗi, rarar tana fitowa a matsayin zafi ko haske. In uwar kuɗi tafi ciniki sai an ranto cikon daga maƙwabta, wato ruwa da iska da hannunka. Yara da yawa suna rubuta wai karyewar ɗauri ne yake sakin zafi, wannan kuskure ne kuma yana cin maki.

Akwai kuma tambayar da ake yawan yi, in ƙonewar gawayi tana fitar da zafi meyasa buhun gawayi baya kamawa da kansa? Saboda sai an fara biyan kuɗin shiga. Kamar mota mai matsalar batir ce a kan gangare, sai an ɗan tura ta tukunna, in ta tashi kuwa babu mai riƙe ta. Ashana ita ce turin, shine tudun nan da kuke zanawa a giraf tsakanin kayan farko da na ƙarshe. A zanen egzotamik layin ƙarshe yana ƙasa da na farko, a endotamik yana sama. Katalis kuma, wato abinda yake hanzarta riyakshon, aikinsa rage tsayin tudun ne kawai, baya taɓa farko baya taɓa ƙarshe, don haka ΔH baya canzawa. In kana son gani da ido ka jefa ɗan yankin ɗanyar hanta a ruwan haidirojin na wanke ciwo, kumfa zata taso nan take kofin ya ɗau ɗumi, katalis ɗin a cikin hantar yake.

Wani lissafi da yake bani mamaki har yanzu, giram 12 na kabon in ya ƙone tas yana bada kilojul 394. Ɗaga lita 1 ta ruwa daga digiri 25 zuwa tafasa kuwa 1,000 × 4.2 × 75 ne, kilojul 315. Wato a takarda 'yan ƙwayoyin gawayi da basu cika tafin hannu ba sun isa tafasa lita guda, amma kowa ya san nawa muke zubawa a kurfoti. Sauran duk iska ce take kwashewa ta gefen tukunya, nan zaka gane amfanin murhu mai rufaffen gefe da kuma rufe tukunya.

Misalai kuwa gasu nan birjik in ka buɗe ido. Siminti in an kwaɓa an zuba dakin, wato rufin kankare, yana ɗumi yayin da yake kamawa. Kabaid ɗin masu walda in ya ji ruwa tankin har zafi yake yana sakin gas. Jikinka ma haka, abincin da kaci ne yake ƙonewa a hankali shiyasa kake zaune a wajen digiri 37. Ta ɗaya ɓangaren, a kamfanonin siminti irin na Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe da Malbaza a Nijar, dutsen farar ƙasa baya fashewa ya saki iskarsa sai an gasa shi zuwa wajen digiri 900, kuma da an janye wuta aikin ya tsaya, wannan shine halin endotamik. Ganyen shuka ma haka, sai da hasken rana yake haɗa abincinsa. Randa kuma ba riyakshon bane amma dokar ɗaya ce, ruwan da yake tsattsafowa ta jikin yumɓu yana zuƙar zafi kafin ya bi iska, kowane giram 1 yana tafiya da sama da jul 2,000. Da wannan dabarar malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyahu, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Yanzu sai gauraye

Gauraye shine ka haɗa abu biyu ko fiye kowa yana nan da halinsa, babu wani ƙayyadadden awo, kuma zaka iya raba su ba tare da riyakshon ba. Shayi ko suga cokali 1 ka sa ko 5 sunansa shayi. Amma ruwa kansa ba gauraye bane, ko na Kogin Kwara ne ko na ƙanƙarar Rasha in an tsarkake shi giram 1 na haidirojin ne akan giram 8 na oksijin, baya canzawa. Wannan shine bambancin gauraye da kwamfawun, wato sinadari irin ruwa mai ƙayyadadden awo.

Ka jera kofin gilashi guda 3 da ruwa mai kyau. Na farko ka zuba gishiri rabin cokali, na biyu ka ɗiga madara ɗigo 3 ko 4 kacal, kada ka cika, ana so ruwan ya ɗan yi dishi-dishi ne kawai, na uku ka zuba jar ƙasa cokali 1. Ka juya kowanne. Gwaji uku zaka yi musu.

Na ɗaya, ka barsu minti 30 kada ka taɓa. Na ƙasa zai kwanta, sauran biyun ko gezau. Na biyu, ka tace kowanne da ƙyalle ninki huɗu ko tishu. Ƙasa zata maƙale, gishiri da madara zasu wuce abinsu. Na uku shine mai daɗin, ka shiga ɗaki ka kashe wuta ka haska tocila ta gefen kofin kana kallo daga sama. A ruwan gishiri bazaka ga hanyar hasken ba, zai shige ya fita kawai. A ruwan madara kuwa zakaga hasken ya shata layi kamar sanda a cikin ruwan. Irin abinda kake gani ne in rana ta shigo ta hujin kwano ana shara, ko fitilar mota a cikin hazo. Sunan wani masani ɗan Ailan, John Tyndall, aka sa wa abun.

Abinda ya raba ukun girman ƙwaya ne kawai. Ruwan gishiri shine solushon, ƙwayoyinsa basu kai nanomita 1 ba (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), basa kwanciya, basa tacuwa, basa tare haske. Ruwan ƙasa shine saspenshon, ƙwayoyinsa sun wuce nanomita 1,000, manya ne har nauyi yana jawo su ƙasa. Na madara kuma shine ɗan tsakiya, koloyid, yafi ƙarfin ya ɓace kamar gishiri amma bai kai ya kwanta ba. Solushon ne kaɗai ake cewa na bai ɗaya, duk inda ka ɗiba iri ɗaya ne. Saspenshon kowa na ganin ba ɗaya bane, koloyid kuma mayaudari ne, a ido kamar ɗaya amma tocila tana tona masa asiri.

In kina dama koko kin riga kin san saspenshon, gasarar da aka tace aka bari ta kwana ta kwanta a ƙasa ruwan tsami ya taso sama, ki tsiyaye. Maganin yara da aka rubuta a girgiza kafin a sha shima haka ne, in baki girgiza ba cokulan farko ruwa ne na ƙarshe kuma maganin yayi yawa, wannan ba wasa bane. Ruwan gishiri da suga na mai gudawa, lita 1 da suga ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, solushon ne. Kuma kada a ɗauka sai ruwa, iskar da muke shaƙa solushon ce ta gas, kashi 78 naitirojin kashi 21 oksijin, sai ƙurar hunturu da take tasowa daga Bodele a Chadi ta shigo ta rataya a cikinta. Sarƙar gwal ma gauraye ce, mai karat 18 kashi 75 cikin 100 ne gwal, mai 21 kashi 87.5, sauran jan ƙarfe ne da azurfa da makamantansu don tayi ƙwari.

Ka gwada ƙoshin ruwa ma tunda kofi na hannunka. Ruwa mil 100, ka rinƙa zuba gishiri kana juyawa, daga wajen giram 36 zai ƙi karɓa ko ka kwana kana juyi. Suga kuwa sai ya shanye kusan giram 200, kuma in ka ɗumama ruwan ya ƙara karɓa sosai, gishiri kuma ɗumamawa bata cika ƙara masa komai ba.

Sai mai da ruwa. Ka zuba mangyaɗa da ruwa a gora ka girgiza, zai yi fari na ɗan lokaci sannan kowa ya koma gidansa, mai a sama. Ka ɗiga sabulun ruwa ka sake girgizawa, yanzu zai daɗe bai rabu ba, domin ƙwayar sabulu kai biyu gareta, ɗaya na son mai ɗaya na son ruwa, sai ta riƙe su tare. Wannan shine emalshon, wani nau'in koloyid, kuma shine sirrin wanke kwanon miya da man shafawa da mayonis, inda gwaiduwar ƙwai take aikin sabulun. Nono ma emalshon ne na halitta, in 'yar Fulani ta kaɗa shi a gora ɗigon man ne suke karo da juna suna haɗewa har man shanu ya taso.

Raba su

Ga aikin da nake basu na ƙarshe. Ka haɗa yashi cokali 2, gishiri cokali 2, da garin ƙarfe cokali 1, wanda zaka iya sharowa a ƙarƙashin injin masu walda ko masu wasa wuƙa. Ka cakuɗa, sannan ka dawo da kowanne daban. Tsarin yana da muhimmanci. Ka fara da maganaɗisu tun kayan suna bushe, amma ka saka shi a leda tukunna, in ba haka ba cire garin daga jikinsa sai ka gwammace kiɗa da karatu. Ka bi kan haɗin dashi sau 3 ko 4, ka zare ledar akan takarda ƙarfen ya zube. Sannan ka zuba ruwan ɗumi kamar rabin kofi akan sauran ka juya sosai, gishiri ya narke yashi ya ƙi. Ka tace da ƙyalle, ka ɗauraye yashin da ɗan ruwa kaɗan ka haɗa da na farko don kada gishiri ya maƙale a ciki. Ruwan da ya wuce ka zuba a faranti mai faɗi ka sa a rana, ko ka ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ka sauke kafin ya ƙafe ƙaf don yana tartsatsi. In a rana ka bari ya bushe a hankali zakaga gishirin ya fito da ƙwayoyi masu kusurwa huɗu. Haka mutanen Bilma suke yi tun kaka da kakanni, ramuka ne na ruwan gishiri rana tana ƙafar dasu, a kwashe a zuba a ma'auni a yi kantu raƙuma su ɗauko.

In kuma ruwan kake so ba gishirin ba, ka tafasa ruwan gishiri a tukunya, ka kifa murfi a karkace yadda ɗigon da yake taruwa a jikinsa zai gangara cikin wani kofi. Ka ɗanɗana, babu gishiri. Matatar mai irin ta Kaduna ma tushen aikinta kenan, kowane ɓangare na ɗanyen mai da zafin da yake tafasa, gas da fetur su fara tashi, sai kananzir, sai gas na manyan motoci, kwalta ta rage a ƙasa.

Koloyid shine mai taurin kai tunda baya kwanciya baya tacuwa, sai an sa ƙwayoyinsa sun dunƙule. Ka ɗebo ruwan kududdufi ko na rijiya mai jar laka wanda ko ya kwana baya washewa, ka raba kofi 2, ɗaya ka tsoma ɗan dutsen alimun ka juya shi kamar sau 10 ka cire, ɗayan ka barshi. Bayan minti 20 zuwa 30 ka dawo, na alimun ya yi gudaji-gudaji ya kwanta sama ta yi garau. Ƙwayoyin lakar duk caji iri ɗaya garesu shiyasa suke ture juna, alimun yana kashe cajin sai su rungumi juna suyi nauyi. Dakakken ƙwallon zogale ma yana yin wannan aikin. Amma fa garau ba shine tsafta ba, alimun baya kashe ƙwayoyin cuta, sai an tafasa ko an sa kulorin kafin a sha. Masu awara ma abinda suke yi kenan kullum, madarar waken suya koloyid ce, ana zuba mata ruwan tsami ta tsinke ta dunƙule, a juye a ƙyalle a matse.

In kun gama kada a zubar da komai barkatai. Ruwan sodar a ƙara masa ruwa mai yawa a tuttule a makwarara a bi da wani ruwan, kada a barshi a kofi ko na minti ɗaya inda yaro zai gani, domin kamarsa ɗaya da ruwan sha kuma yaran da suka sha shi maƙogwaronsu ne yake ƙonewa ya tsuke. Kuma kada ɗoki ya sa wani ya ce bari ya gwada haɗa bilic irin su Hypo da khal ko ruwan wanke banɗaki ya ga ko zai yi zafi, iskar kulorin yake fitarwa mai shaƙe numfashi. Ruwan takin kuwa kada a yi asararsa, a juye shi a bokiti babba cike da ruwa a bawa shukar gida a gindi ba akan ganye ba. Kofunan da soda ta taɓa a sa musu alama da maka a ajiye su tare da ma'aunin a sama, kada su koma kwandon wanke-wanke.